Hukuncin Ɓarakar da Ba Ta Tabbata Ba a Manhajar Shiga Na'ura Daga Nesa, Bisa La'akari da Halin Ƙasar Yauri

Gabatarwa

Abin da nake nufin bijirowa da shi a yau mas'ala ce guda, ƙarama a lafazi, mai nauyi ga duk wanda aka ɗora wa amanar na'urorin wata makaranta ko asibiti ko banki. Idan labari ya iso masa cewa an gano ɓaraka a manhajar da yake shiga na'urorinsa da ita daga nesa, alhali kuwa masu manhajar ba su tabbatar ba, ba su kuma ƙaryata ba, babu faci, babu cikakken bayani, to mene ne ya wajaba a kansa a wannan dare, mene ne ya halatta gare shi, mene ne kuma ya kamata ya kame hannunsa daga gare shi?

Na zaɓi in auna mas'alar da halin Yauri da Ngaski da Shanga, domin a irin wannan ƙasa ne kuskure a cikinta yake da tsada. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Kainji a 1968, ruwa ya haye tsibirai da fadamu, aka tashi dubban jama'a, Gungawa da Kambari da sauransu, aka zaunar da su a sababbin matsugunai, garuruwan bakin tafki suka kasance a warwatse, har wasunsu jirgin ruwa ya fi mota saurin kai mutum gare su idan damina ta yi nisa. A cikin waɗannan garuruwa a yau akwai turakun sadarwa, da akwatunan rarraba intanet a makarantu da cibiyoyin jarrabawa, da kwamfutocin ajiye bayanai, da na'urorin lura da wutar sola, waɗanda sau da yawa wanda ya kafa su yake kuma kula da su ba mazaunin garin ba ne: yana Birnin Kebbi, ko Sakkwato, ko Kwantagora, ko Abuja. Hanyar da ta biyo ta Jega da Koko zuwa Yelwa tafiyar sa'o'i ce, kuma tun bayan harin da aka kai Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri a ranar 17 ga Yuni 2021, babu mai hankalin da zai zargi injiniya don ya yi nazari kafin ya ɗauki hanya. Saboda haka ƙofar nan ta nesa, wadda ta cikinta ce yake gyara abin da ya lalace ba tare da ya taso ba, ita ce kuma ƙofar da mai kutse yake ƙwanƙwasawa dare da rana.

Mafi shaharar waɗannan manhajoji ita ce SSH, wadda Tatu Ylönen ya rubuta a 1995 a Jami'ar Fasaha ta Helsinki, bayan an saci kalmomin sirri a sadarwar jami'ar, domin hanyoyin da ake amfani da su kafin nan, irin su Telnet, suna aika kalmar sirri a sarari ne, duk wanda ya kasa kunne a hanya ya ji. A watan Disamba na 1999 jama'ar OpenBSD suka fitar da OpenSSH, wadda a yau ita ke tsare ƙofa mai lamba 22 a mafi yawan manyan kwamfutocin duniya. A kanta zan gina yawancin bayanina, ko da yake hukuncin ya haɗa da 'yan'uwanta da ake amfani da su a wurinmu, kamar Winbox na akwatunan MikroTik, da AnyDesk, da TeamViewer.

Darajojin labari

Malamanmu na usulu sun kasa sanin ɗan Adam gida huɗu, yaƙini da zanni da shakka da wahami, malaman hadisi kuma suka yi ƙarnuka suna gina mizanin da ake auna labari da shi ta fuskar isnadi da matani. Ra'ayina shi ne mai kula da na'ura a ƙasarmu ya gaji kayan awon da ya fi na takwaransa na wata ƙasa kaifi, in da zai tuna yana da su. Ƙa'idoji biyu daga ciki sun isa bukatarmu.

Ta farko ita ce sharaɗin tawaturi. Labari ba ya kai wa ga yaƙini don yawan masu faɗarsa a ƙarshen silsila. Sai yawan ya tabbata a kowane ɗabaƙa, tun daga tushe. Idan saƙo ya shigo zauren WhatsApp na ma'aikata daga mutum goma cikin sa'a guda, kuma jaridun intanet biyar suka ɗauka, amma da aka bi sawu aka tarar dukkansu daga hoton allon kwamfuta guda suka ɗebo, wanda wani da ba a san ko wane ne ba ya saka, to wannan labarin mutum ɗaya ne, kuma majhuli. Ta biyu ita ce abin da ake kira jarhi mufassari: wanda adalcinsa ya tabbata shekara da shekaru, ba a karɓar suka a kansa sai mai sukan ya fayyace dalili. Manhajar da dubban masana suka karanta rubutunta fiye da shekara 20, ba ta faɗuwa don wani ya ce ya fasa ta. Sai ya faɗi a wane sashe, a wane bugu, ta wace hanya. Amma fa idan mai manhajar da kansa ne ya yi gargaɗi, ko da bai fayyace ba, to wannan iƙirari ne, kuma hukuncinsa daban.

Abin da ya taɓa aukuwa

Misalin iƙirari ya auku a watan Yuni na 2002, lokacin da Theo de Raadt, jagoran OpenBSD, ya sanar cewa akwai wata ɓaraka mai haɗari da za a bayyana nan gaba kaɗan, ya umarci jama'a su koma bugu na 3.3 su kunna wani sabon tsari na rarraba iko, wanda Niels Provos ya rubuta, ba tare da ya faɗi mene ne ciwon ba. Masu kula da tsarin Linux suka yi ta ƙorafi, suna cewa ana tilasta musu ɗaukar sabon abu wanda bai gama nuna ba, a makance. Da kamfanin ISS ya fitar da bayanin a ranar 26 ga wata, tare da bugu na 3.4, sai ta bayyana ɓarakar gaskiya ce, amma na'urori da yawa ba ta shafe su ba, kuma kashe zaɓi ɗaya ko biyu a cikin saitin manhajar ya isa kariya. Duk da haka wanda ya bi umarnin bai yi wauta ba, domin isnadin ya kai matuƙa a ƙarfi, ko da matanin ya zo a dunƙule.

Kishiyar wannan ta faru a farkon watan Yuli na 2009, kuma a kanta nake son in ɗan daɗe. Wasu da ke kiran kansu Anti-Sec suka watsa rubutun da ke nuna wai sun fasa wata na'ura ta hanyar ɓarakar OpenSSH da duniya ba ta sani ba. Labari ya bazu, tsoro ya kama masu kula da na'urori, har wasu kamfanonin haya suka rufe ƙofar ga abokan cinikinsu gaba ɗaya. Damien Miller, ɗaya daga cikin masu rubuta manhajar, ya nemi wani da ya ce shi ma an fasa tasa na'urar, ya karɓi bayanan zirga-zirgar da aka naɗa, ya bincika, bai tarar da kome ba face irin harin nan na kullum, na gwada kalmomin sirri ɗaya bayan ɗaya har a dace. Ɓarakar ba ta taɓa bayyana ba. Amma ɓarna ta auku ta wata fuskar, domin a cikin wannan ruɗani wani ɗan shiri ya yi ta yawo a intanet da sunan shi ne makamin, mutane suka sauko da shi don su gwada ko tasu na'urar na da ciwon, alhali kuwa abin da aka ɓoye a cikinsa umarni ne na share fayilolin wanda ya kunna shi. Wato wanda ya ji labarin ya daure ya jira bai rasa kome ba. Wanda ya yi gaggawar neman yaƙini daga hannun majhuli shi ya ɗauki gatari ya sari ƙafarsa. Ba kuma a daina wannan makirci ba, gama a 2024 kamfanin Kaspersky ya yi gargaɗi a kan irin wannan tarko, wanda aka ɗana wa masu bincike da sunan wata ɓarakar OpenSSH.

Kada kuwa a ɗauka cewa duk labarin mutum ɗaya abin jefarwa ne. A ranar 29 ga Maris 2024 Andres Freund, injiniya a Microsoft, ya bayyana cewa an dasa ƙofar baya a cikin xz, wata ƙaramar manhajar matse fayiloli wadda a wasu tsare-tsaren Linux take ratsawa har cikin mai tsaron ƙofar SSH. Abin da ya fara jan hankalinsa shi ne shiga na'urarsa ta gwaji ta ƙara jinkirin kimanin rabin daƙiƙa, kuma tana cin ƙarfin na'urar fiye da ƙima. Bai yi shela a kan zato ba. Ya bi diddigi har ya gano dasashen a bugu na 5.6.0 da 5.6.1, wanda wani mai kiran kansa Jia Tan ya shigar bayan ya shafe kimanin shekara biyu yana neman yardar jama'a, sa'an nan ya sanar da masu tsaron tsarin Linux na Debian a asirce, daga baya ya fito da hujja dalla-dalla, yadda kowane masani zai iya maimaita binciken a teburinsa. Wannan shi ne jarhi mufassari, kuma cikin yini guda duniya ta karɓa. Abin lura a nan, wanda ya kamata ya sanyaya gwiwar masu cewa maganin kowane tsoro shi ne a ɗauko sabon bugu, shi ne cewa masu bin sabon bugu ne abin ya shafa, magani kuwa shi ne komawa tsohon.

Akwai kuma wadda ta tabbata ta wata fuska, ta rage a zanni ta wata. A ranar 1 ga Yuli 2024 kamfanin Qualys ya bayyana ɓarakar da ta shafi OpenSSH daga bugu na 8.5 zuwa na 9.7, wadda tsohon ciwo ne da aka taɓa magancewa a 2006 ya dawo. Masu manhajar suka ce a ɗakin gwaji an ci nasarar fasawa cikin sa'a 6 zuwa 8 a na'urori masu tsarin bit 32, amma a masu tsarin bit 64, waɗanda su ne mafi rinjaye, ana kyautata zaton mai yiwuwa ne, sai dai ba a nuna ba tukuna a lokacin. Tun da faci ya fito a ranar, cikin bugu na 9.8, wannan saura na shakka bai zama uzuri ga kowa ba.

Hukunci

Daga waɗannan nake fitar da ƙa'idar da ita ce ginshiƙin wannan maƙala: nauyin mataki ya yi daidai da darajar labari. Matakin da ke da arha, wanda ana iya warware shi gobe, ana ɗaukarsa ko a kan shakka, daga babin saddu zari'a da mazhabarmu ta Malikiyya ta shahara da shi. Matakin da ke da tsada, ko wanda ba ya komowa, ba a ɗaukarsa sai da yaƙini ko zanni mai rinjaye. Mai jirgin da ke ɗaukar 'yan kasuwar Wara, idan baƙo ya raɗa masa cewa katakon gindin jirginsa ya tsage, ba ya fasa jirgin ya yi itace, ba ya kuma toshe kunne. Sai ya rage lodi, ya bi gaɓa, ya sa ido ga ruwan da ke taruwa a ƙarƙashin ƙafarsa har ya sami damar jawo shi tudu ya duba.

Matakai masu arha sanannu ne, kuma abin takaici shi ne yawancinsu sun wajaba tun kafin a ji wani labari. A taƙaita masu iya kaiwa ga ƙofar, kada ta zauna a buɗe ga duniya duka. Kuma da yake adireshin intanet na layukan wayarmu yana canzawa kullum, wanda ya sa jera amintattun adireshi ke da wuya a wurinmu, mafi dacewa shi ne a sa ƙofar a bayan keɓantacciyar hanya ta VPN, irin su WireGuard. A hana shiga da kalmar sirri, a koma ga mabuɗin sirri, a kuma hana shiga kai tsaye da sunan mai cikakken iko. A kwafe bayanai a faifan da za a zare a kulle a durowa. Canza lambar ƙofa daga 22 zuwa wata yana rage hayaniya kawai, kada a ƙidaya shi cikin kariya. Wanda zai taɓa waɗannan saituna daga Birnin Kebbi kuwa, lalle ne ya bar tagar da ya fara shiga da ita a buɗe, ya buɗe ta biyu ya gwada sabon saitin, sai ya ga ta karɓe shi sa'an nan ya rufe ta farko. In ba haka ba, harafi ɗaya da ya kuskure zai kulle shi a waje, ya mai da aikin minti biyar ya zama tafiyar yini zuwa bakin tafki.

Sai kuma karanta rajistar shiga, wanda a nan ne na ga tsoro ya fi kama sababbin ma'aikata. Mutum zai buɗe rajista ya ga layi ɗaruruwa a jere, kowanne yana cewa an gwada shiga da sunan mai cikakken iko an kasa, daga adireshin ƙasashen da bai taɓa zuwa ba, sai ya ɗauka jita-jitar ta tabbata a kansa. Wannan hayaniya ce da kowace na'ura mai buɗaɗɗiyar ƙofa ke sha kowace rana. Abin nema shi ne layi guda da ke cewa an karɓi shiga, da ƙarfe uku na dare, daga adireshin da ba na kowa a cikinku ba. Ko sabon mabuɗi a jerin mabuɗan da aka yarda da su. Ko sabon suna a cikin masu amfani. Ko data ta riƙa ƙarewa kafin lokacinta, akwati yana zafi alhali makaranta na hutu. Idan aka ga irin wannan, an fita daga babin jita-jita an shiga babin doka, domin Dokar Laifuffukan Intanet ta 2015, bayan gyaran da aka yi mata a 2024, ta wajabta kai rahoto ga hukumar tarayya ta ngCERT cikin sa'a 72, Dokar Kare Bayanai ta 2023 ma ta yanka irin wannan wa'adi idan bayanan mutane na cikin haɗari.

Amma matakai masu tsada, na farkonsu shi ne rufe ƙofar gaba ɗaya, wanda a birnin da injiniya ke iya hawa bene ya tarar da na'urarsa ba wani abu ba ne, a Shanga ko Ngaski kuwa yana nufin duk abin da ya lalace zai zauna a lalace har sai an sami mota da kuɗin mai da kwanciyar hankalin hanya. Ban ga halaccinsa a kan labarin majhuli ba. Na biyu shi ne mutum ya sauko da sabon bugu ya harhaɗa da hannunsa don ya ga lambar nasa ta tsufa, alhali Debian da Ubuntu da Red Hat suna liƙa faci a tsohon bugu ba tare da sun canza babbar lambarsa ba, kuma wanda ya harhaɗa nasa ya fitar da kansa daga facin da ke zuwa da kansa. Na uku, wanda nake ganin haramcinsa a kowane hali, shi ne kunna shirin gwaji da ba a san marubucinsa ba a na'urar aiki. Gwada shi a na'urar wani ba da izni ba kuwa laifi ne a dokar ƙasa, ko da niyya ta yi kyau. Haka nan yaɗa labarin ba tare da isnadinsa ba: wanda zai tura wa abokan aiki, ya faɗi inda ya samo, ya faɗi cewa bai tabbata ba, ya duba ko yana da lambar rajista ta CVE, ya kuma leƙa shafin masu manhajar da sanarwar hukumomin tarayya, wato ngCERT da NITDA da NCC.

Ina jin tsoron kada tsawon bayanina a kan abin da bai tabbata ba ya rufe wata gaskiya mai ɗaci, wato ɓarakar da ta tabbata, aka fitar da facinta, aka yi sakaci da ita, ta fi halaka na'urori nesa ba kusa ba. A watan Afrilu na 2018 MikroTik ya toshe ɓarakar Winbox cikin gaggawa, amma a watan Agusta na shekarar aka tarar da akwatuna wajen 200,000, da yawansu a Barazil, masu kutse sun mai da su bayi suna haƙa musu kuɗin intanet, don kawai masu su ba su ɗora facin da ya fito wata huɗu da suka wuce ba. Irin waɗannan akwatuna suna nan maƙale a bangon ofisoshinmu, kuma zai yi kyau kowa a wannan zaure ya tambayi kansa yaushe rabon da a sabunta nasa.

Kira

Roƙona ga shugabannin makarantu da asibitoci da ƙananan hukumomin Yauri da Ngaski da Shanga, Allah Ya ƙara musu basira, shi ne duk yarjejeniyar da za su ƙulla da mai kafa musu na'ura, a rubuta a ciki wane ne zai ɗora faci, cikin kwana nawa, kuma ta wace ƙofa yake shiga. A kuma horar da mutum guda mazaunin garin, ko da malamin lissafi ne ko akawu, wanda ke riƙe da mabuɗin ɗakin, ya iya haɗa allo da madannai ya bi umarni ta waya, domin da samuwarsa rufe ƙofar nesa ta kwana biyu ke zama abu mai yiwuwa idan yaƙini ya zo. Ga 'yan'uwana ma'aikata kuwa, mu ƙulla zaure guda na wannan yanki, mu zaɓi mutum biyu ko uku da muka yarda da iliminsu da natsuwarsu, su riƙa tace labari su fassara shi da Hausa, su rubuta darajarsa a kansa kafin ya kai ga sauran jama'a. Ga hukumomin tarayya kuma, muna roƙon sanarwarsu ta riƙa isowa da harshen da mai riƙe da mabuɗin ɗakin nan yake karantawa.